Jirgin Dalma da Ya Ƙi Ruɓewa

Zuwa ga ƙanena Sa'idu,

Aminci ya tabbata a gare ka a inda suka ajiye ka. Da wasiƙar masu rai ce, da na fara da tambayar iyali, da cikar kogi, da yadda kamun bana ya kasance. To, wa zan tambaya? Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba ka san boko ba. Sai in aiko maka da takarda, ka soke ta a cikin hula har in zo Gwaram da ƙafata in karanta maka, kana dariya kana cewa Yaya ya yi tafiya biyu a kan saƙo ɗaya. Yau babu mai yi mini wannan dariyar.

Na gyara jirginka. Abin da na zauna in gaya maka ke nan. Na toshe hujojinsa, na miƙar da inda ya lotsa, na ja masa sabuwar waya, ja da baƙa, daidai yadda na ja masa ta farko. Ba don kamun kifi ba, ka san ni da ruwa sai na buta. Abu ɗaya nake nema. Ina so mutanen Kwarin Marke, ƙauyenmu na gefen Gwaram, su faɗa da bakinsu cewa ba kai ka kashe 'yar Malam Idi ba, su yi sahu a kan kabarinka, su yi maka sallar da suka hana ka.

Inna ce ta tashe ni tsaye. Ta rasu bara ana cikin yankan dawa. Idonta ya riga ya tafi, hankalinta ma yana zuwa yana komawa, amma tambaya ɗaya ba ta taɓa ɓace mata ba. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta kama hannunsa ta tambaye shi ko an yi wa Sa'idu salla. Na gaya mata ni na yi maka, ni kaɗai a tsaye a bakin ramin. Ta ce wannan ba salla ba ce, kuka ne. Da maganar a bakinta ta cika. Hajara matarka tana Zandam wurin danginta, ita da yaran. Suna lafiya, in lafiya ce a riƙa kiran 'ya'yanka 'ya'yan mai nakiya a bakin rijiya.

Bari in tuna maka yadda aka fara, don ni kullum sai na tuna wa kaina. Ni aka kama aka kai makarantar boko, kai aka bar wa Baba da komarsa da kogin Bunga. Na yi elementare, na yi midil, aka tura ni Kano na koyi aikin lantarki a hannun Turawa. Ranar da aka ce mun sami 'yanci ina kan tsani ina ɗaura ƙwayayen fitila a filin taro, ƙirjina kamar zai fashe. Na rantse a raina kafin in yi furfura kowace bukka daga Birnin Kudu har Basirka sai ta ga wuta. Ga furfurar ta zo, ina wutar? Aikin ma a rediyo na ji an raba ni da shi, lokacin da sojoji suka yi sharar ma'aikata. Manyan ɓarayi suka gyara zama, mu masu filaya a aljihu muka fita. Kuɗin fetur ya zo kamar ambaliya, ya bi ta kanmu ya wuce, ya bar mana tarkace a gaɓa. Jirginka yana cikin tarkacen.

Wani ofishi da aka ce na bunƙasa kamun kifi ne ya kawo su, jiragen alminiyam masu ƙyalli, waɗanda mutanenmu suka raɗa wa jirgin dalma. An yi taro, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Injinan suka bi manya gida suna ba lambunansu ruwa, masunta aka bar musu ƙwaryar. Kai ba ka damu ba. Ka ce filafili da gora sun ishe ka, su Baba ya bar maka. Ka riƙa saka mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, da shi a Gurbin Kada, in ruwa ya cika kuma ka yi wa 'yan kasuwa fito. Kai ka roƙe ni in sa maka fitila don duba ƙugiyoyi kafin gari ya waye sosai, da oda irin ta mota don masu jira a wancan ƙetaren su san ka taso. Na sa batir a akwatin katako a ƙarƙashin benci, na ja waya biyu har goshin jirgin. Ban taɓa gaya maka ba, amma a duk aikin da na yi wa gwamnati babu wanda ya faranta mini rai kamar wannan. Wutar da na yi wa ƙasa alkawari, a jirginka kaɗai na cika shi.

Ka san abin da ban lissafa da shi ba? Kamfanin titi. A shekarun nan suna fasa dutse a bayan Farin Dutse, kuma duk yaro da babba na Kwarin Marke ya je ya yi kallo daga nesa. Mai harbin dutsen yana warware doguwar waya, yana tsugunawa gaban wani akwati, ana busa oda, sai ƙasa ta girgiza, dutse ya tashi sama. Sun san rediyo, sun san tocila. Amma akwati da doguwar waya da oda, waɗannan ukun in sun haɗu, a wurinsu abu ɗaya ne. Ni da na yi karatu ban taɓa tsayawa na kalli jirginka da idonsu ba.

Kuma kowa ya san yaran Alhajin nan mai kwangilar kai wa kamfanin dutse suna satar nakiya su jefa a gurabu in maigidansu zai yi baƙi. Tasu ma ba ta da waya, lagwani gare ta, da wutar taba suke kunna shi. Kai ka fi kowa tsinuwa a kansu. Kana cewa mai jefa nakiya a ruwa ya kashe uwa, ya kashe ƙwai, ya kashe abincin jikokinsa.

Hajara ce ta ba ni labarin ranar da suka kashe ka, don tana gaɓa ta kawo maka fura. Da hantsi ne. Mata suna wanki a Gurbin Kada, ƙwarya ta kuɓuce wa Talatu, ƙaramar 'yar Malam Idi, ta bi ta cikin ruwa har ƙirji. Daga bayan dutsen nan na bakin gurbin aka jefo abin. Ruwa ya tashi tsawon giginya. Matan suka watse suna ihu, wata mota jif ta tashi a bayan dutse ta yi gabas. Kai kana can sama da su kana ɗaga mamari. Kowa ya gudu daga wurin, kai ka tuƙo zuwa wurin. Me ya kai ka, Sa'idu? Me ya sa ba ka zama kamar sauran mutane ba, ko na rana ɗaya?

Ka ciro ta ka rungume ta a cikin jirgi. Jini yana fita ta kunnuwanta da hancinta. Kifi ya taso ya rufe ruwan, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, duk cikinsu a sama, fari fat, sun kewaye ka. A haka mazan gari suka same ka, sun baro gonaki a guje, kowa da abin da ke hannunsa, lauje, gatari, fartanya. Suka ga gawa, suka ga kifi, suka ga akwati da waya. Wa zai tsaya tambaya?

Malam Idi ne ya fara. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗauki filafilinka na cikin jirgi, ya sauke maka a baki. Hajara ta ce ka buɗe baki ne za ka yi magana. Ta ce ba ka ɗaga hannu ka kare kanka ba, don in ka ɗaga sai ka saki yarinyar. Sai da suka ɓamɓare ta daga ƙirjinka, sannan sauran suka samu wuri. Ƙotar fartanya a ƙeya, gatari a kafaɗa, wani da ya rasa makami ya ɗauko dutsen wanki. Mutanen da ka ƙetarar da matansu suna naƙuda. Mutanen da suka ci kifinka kyauta ranar suna. Hajara ta faɗa kanka suka yi jifa da ita gefe, har yau hannunta na hagu ba ya ɗaga tulu. Da suka ga ka daina motsi, fushin bai ƙare ba, sai suka koma kan jirgin da sara.

Suka ja ka ta ƙafa zuwa gindin marken nan na gaɓa, suka tona rami iya gwiwa suka tura ka da rigarka. Babu wanka, babu likkafani. Liman ya ce shi ba zai tsaya a kan mai kashe 'ya'yan mutane don kifi ba. Mace ɗaya cikin masu wankin ta ce ta ga mota, mijinta ya ɗauke ta da mari a gaban jama'a, ba ta ƙara gani ba. Washegari na iso. 'Yan sanda suka zo, aka yanka musu kaza, suka rubuta cewa nakiyarka ce ta tashi da ku biyu. Wace nakiya ce take barin shatin gatari a kafaɗa? Na sa kwat ɗina na bi ofis ofis da Turancina, ina tsammanin makami ne. Wani yaro da bai kai ɗan cikina ba ya ce in je in yi haƙuri, ƙaddara ce, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Ka san al'adar masunta, a bakin Baba muka ji ta. Jirgin da aka zubar da jini a cikinsa ba ya komawa ruwa. Kife shi ake yi a gaɓa, ba mai taɓa shi, ba mai yin itace da shi, har gara da damina su cinye shi, maganar ta bi shi ƙasa. Haka suka yi wa naka. Suka kife shi kusa da kai suka tafi suna jiran gara. Sun manta ba katako ba ne. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, gara ta hau ta sauka da yunwa, ko tsatsa bai yi ba. Duk wanda ya sauko mashaya da rana sai ƙyallinsa ya soke masa ido. Har hanyar ɗiban ruwa suka canja saboda shi. Da na je ɗaukarsa bayan arba'in ɗin Inna, babu wanda ya hana ni. Babu kuma wanda ya kama mini. Fulanin da ke mashayar da shanu ne suka taya ni ɗora shi a kan amalanke.

Bai shiga ta zaure ba, sai da na fasa katanga. Asabe matata ta tsaya da muciya a hannu tana kallo. Wai ta auri mai lantarki ta ƙare da aci-balbal, yanzu kuma ga ta matar sarkin ruwa a kan tudu. Ta ce in ruwan Ɗufana nake jira in gaya mata ta fara ɗaure kaji. Amma ita ce ta fara kawo toka da soso ta durƙusa tana goge cikinsa, tana yi tana share ido da gefen zane, tana cewa hayaƙi ne. Ɗanlami mai zuba tukwane kuwa kullum sai ya leƙo ta inda na fasa, yana lashe baki, wai Malam dalmar nan ai tukwanen biki ce zalla, in bar wahalar da kaina. Ranar da ya kai hannu ya ƙwanƙwasa jikin jirgin na bi shi da guduma har bakin titi. Na ce masa so yake gari ya ci tuwo da jinin ƙanena?

Na ɗora shi a kan bulo na zauna ina karanta shi. Duk abin da suka yi yana rubuce a jikinsa, ya fi takardar 'yan sanda gaskiya. Nan bakin gatari ne, ya shiga ya fita. Nan ƙotar fartanya. Nan tsinin lauje, ya ja dogon tsagi kamar an yanka cikin akuya. Nan kuma, a kan benci, sara ne da ya kuskure ka. Kowane sara daga sama ya sauko, bakin ƙarfen ya lanƙwasa zuwa ƙasa. Da nakiya ce ta tashi a cikinsa da babu abin da zan ɗauko sai ɓaraguzai.

Na kai wa mai walda na tasha wani guntu ya gwada, wutar tana taɓa shi ya narke ya zube kamar kitse. Na gane sai da hannu. Na kife turmin Asabe na mai da shi maƙera, na tara shi a bayan kowace lotsawa ina bugu da gudumar katako, a hankali, don dalma in ka matsa mata tsagewa take yi. Ka san me na gano? Kafin in miƙar da duka ɗaya sai na yi bugu ba adadi a daidai inda aka yi shi. Wata rana sai na ji ba gyara nake yi ba, na ɗauki gudumar ƙarfe ina maka wa jirgin da dukkan ƙarfina, ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ɓarnar da na yi a ranar ta ci mini mako.

Faci kuwa daga jikin wata mushen jif na yanko shi a wurin 'yan gwangwan, don ita ma jikinta dalma ne. Irin motar da ta gudu da masu laifin, ita ta toshe hujojin. Na huda gefen kowane tsagi da abin huji na hannu, na shafa kwalta, na ɗora facin, na bi shi da ƙusoshin dalma ina daddaɓe kawunansu, Asabe tana tare mini ta ciki da bakin gatari. Da na gama na cika shi da ruwan rijiya, na kwanta a ƙarƙashinsa ina neman inda zai ɗiga. Ya ɗiga a wuri biyu. Amma ruwan da ya ɗigo mini a fuska ba fari ba ne. Shekaru yana kife, ruwan sama bai taɓa shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa ba. Da na zare ƙarfen da ke riƙe da bencin baya, wani abu ya faɗo ya yi ƙara a ƙasan jirgin. Haƙorinka ne na gaba, mai ɗan ɓallin nan da ƙugiya ta yi maka kana yaro. Na wanke shi, na naɗe shi a farin ƙyalle, na kai shi kusa da Inna na binne. Iyakar likkafanin da ka samu ke nan.

Tsohuwar wayar ta ruɓe, duk inda jan ƙarfenta ya taɓa jikin jirgin ya ci shi ya bar farin gari kamar kanwa. Na fizge ta duka. Sabuwar na zura ta cikin tiyo don kada ta goga dalmar, ja ta kai wuta, baƙa ta dawo da ita, ban bar jikin jirgin ya ɗauki wuta kamar yadda ake yi wa mota ba. Na sa fiyus kusa da batir, makunni biyu a gefen benci, fitila a goshi, oda a ƙarƙashinta. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. So nake su ga abin da suka gani a ranar.

Batir a wurin Sande na samo shi, Ibon nan mai caji a bakin kasuwa, wanda ya gudu lokacin tashin hankali ya dawo bayan yaƙi ya tarar da wani a shagonsa. Da na gaya masa abin da zan yi, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce Malam Haladu, taro ba shi da kunne, hannu kawai gare shi, shi ya gani da idonsa. Ya ce kada in je. Da ya ga ba zan ji ba ya ɗauko wanda ya fi kowanne ƙarfi ya ɗora mini a kan keke. Wai in na dawo da rai in dawo masa da kayansa, in ban dawo ba ya yi sadaka.

Ranar kasuwar Kwarin Marke na sauke jirgin a tsakiyar fili, tsakanin masu hatsi da 'yan koli, rana tana tsaka. Sun gane shi. Na hau kan benci na yi sallama, babu wanda ya amsa. Na ce musu ni ne yayan Sa'idu, ni na ja wayar da suka kashe shi a kanta, yau na zo in nuna musu aikinta. Na buɗe akwatin, na ɗaura ja, na ɗaura baƙa. Tun a nan mata suka fara janye yara. Na kunna fitila, amma wa zai ga ƙwai ɗaya a tsakar rana? Sai na danna oda.

Sa'idu, ban taɓa ganin irin wannan gudu ba. Sun ji odar da ake busawa kafin dutse ya tashi. Manya da rawunansu suka kife a ƙasa suna salati, aka tattake masu nono, rumfuna suka zube, wani tsoho ya faɗa kaskon mai tuyar ƙosai. Na bar hannuna a kan makunnin, ina dariya, hawaye yana zuba. Da na saki, shiru ya dawo, babu abin da ya fashe. Suka ɗago ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riguna, suna kallon juna. Na ɗauka kunya za ta kawo su gare ni. Ashe kunya ba ta kawo mutum, sai dai ta ba shi dutse.

Na farko ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido. Na biyu ya sami jirgin, a kan facin da na fi wahala da shi. Suna ihu wai na zo in ƙarasa abin da ka fara, wai na dawo da jirgin jini cikin gari. Wani saurayi, da ƙyar in yana da wayo lokacin da aka kashe ka, ya zaro gora daga rumfa ya sauke mini a hannun dama. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Shi ya sa rubutun nan ya karkace, da hagu nake yin sa. Na faɗi a cikin jirgin, daidai inda ka faɗi, na ga sararin da ka gani. Ban ji tsoro ba. Haushi na ji, cewa Sande ya fi ni sanin mutanena.

Sai jifan ya tsaya. Wani ne ya shigo jirgin ya zauna a kan benci, ba kuwa za su jefi nasu ba. Malam Idi ne. Ya tsufa fiye da shekarunsa, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Bai dube ni ba. Ya bi wayar da yatsa tun daga akwati har goshin jirgin, ya dawo. Sannan ya damƙe ta da hannu biyu, ja da baƙa, ya rufe ido, ya ce in sake danna abin. Na gane a ransa ya shirya tashi sama ne, ko ya bi 'yarsa ko ya san gaskiya. Na miƙa hagu na danna. Oda ta yi kuka. Na kunna fitila, ya buɗe ido, ya rufa mata hularsa don ya ga hasken sosai. Ya daɗe yana leƙen cikin hular.

Da ya miƙe, jama'a ya fuskanta. Muryarsa ba ta fita sosai, amma kowa ya ji. Ya tambaye su, to wa ya kashe masa Talatu? Na ga idanu suna zamewa suna komawa wuri ɗaya, kan sabon masallacin nan mai rufin kwano da Alhajin kwangila ya gina musu, da rijiyar siminti da ke gabansa. Sun sani, Sa'idu. Wataƙila ba a ranar ba, amma sun daɗe da sani. Liman ya gyara murya ya ce abin da ya wuce a bar wa Allah, lokacin azahar ya yi. Na ɗaga murya na ce ga kabari can a gindin marke yana jiran kabbara huɗu. Suka bi ta gefena suka shige masallacin Alhaji, suna taka jinina.

Maɗori ya ɗaure mini hannu da karare a Gwaram. Ina kwance a gidan wani abokin Baba, da safe aka ce ana sallama da ni. Malam Idi ne, shi kaɗai, da buta a hannu. Ya ce in raka shi wurinka. Na shiga ɗaki na ɗauko gudumar ƙarfe na sa a aljihun hagu. Ba zan ɓoye maka ba, na san abin da na ɗauko ta in yi.

Muka tsaya a gindin marken. Ya yi alwala da ruwan gurbin da ya ci 'yarsa, ya shiga gaba, na tsaya a damansa, ɗan baya kaɗan. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Ka san sallar gawa ba ruku'u ba sujada, mutum a tsaye yake ƙyam. Ƙeyarsa tana gabana, a aske, da jijiyoyi biyu da ɗan rami a tsakaninsu. Hannuna yana cikin aljihu a kan ƙotar. Bayan kabbara ta uku ya yi shiru, ya daɗe, ya daɗe, har na ji kukan tsuntsayen ƙetare. Na zaro gudumar har rabi. Hagu ce riƙe da ita, damar da ta san aikin guduma tana rataye a wuyana. Kada ka ce imani ne ya hana ni. Ban sani ba. Ya yi ta huɗu, ya yi sallama.

Ba tare da ya juyo ba ya yi magana. Ya ce tun a hanya ya ga yadda aljihuna ya rinjayi rigar, shi ya sa ya tsawaita addu'ar, don kada in ce bai ba ni lokaci ba. Sannan ya durƙusa ya dafa ƙasar kabarinka, ya kira sunanka, ya ce ba kai ba ne. Sau uku ya faɗa, da ƙarfi, kamar mai kiran wanda ke wancan ƙetaren. Da ya tashi ya miƙo mini hannu, ya ce tunda ban yi amfani da gudumar ba in ara masa, Alhaji yana zuwa gari ran Juma'a. Na hana shi. Na riga na ga abin da hannun nan yake yi in ya tabbata ya san mai laifi.

Mutum ɗaya, Sa'idu. Na fasa katangata, na ba da hannuna, na nemo maka gari guda, sahun da na samo maka ke nan: wanda ya fara dukanka a gaba, ni a bayansa. Ban yafe masa ba, bai kuma roƙe ni ba. Ya ce gobe zai tafi Zandam da ƙafarsa, ya tsaya a bakin rijiyarsu ya faɗi abin da ya faɗa maka, a gaban Hajara da 'ya'yanka. Ko za su saurare shi, ko za su jefe shi, wannan kuma tsakaninsa da su.

Ka huta, ƙanena. Allah Ya yalwata maka ramin da suka ƙuntata, Ya karɓi sallar mutum biyu, ɗaya mai jini a hannu, ɗaya mai guduma a aljihu.

Naka har mu haɗu,
yayanka Haladu mai waya,
Birnin Kudu.